Smart Little Lena: jini ne ko horo ya sa dokin nan ya gagari shanu?

Mai_Kilisa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce dani akan dawakan nan na Amurka da ake gasar ware saniya dasu, inda mahayi zai kutsa cikin garke ya fito da saniya guda ɗaya sannan ya saki linzami gaba ɗaya, dokin da kansa ne zai tsare ta ya hana ta komawa cikin 'yan uwanta. Kwana biyun nan na duƙufa kallonsu a YouTube kuma wallahi abin ya tsaya min a rai, zaka ga doki ya kwantar da ƙirji har ya kusa taɓa ƙasa, ido cikin ido da saniya, tayi dama ya riga ta, tayi hagu ya riga ta, shi kuwa na samansa hannu ɗaya na kan wuyan doki ɗayan ya riƙe gaban sirdi, baya ja baya juyawa.

Abin da na lura dashi shine duk dokin da akace yayi fice, in aka karanto asalinsa sai kaji Lena ko Doc ko Cat a ciki, kuma sunan da yafi yawo a bakinsu shine Smart Little Lena. Na ga hotonsa, ɗan ƙaramin jan doki ne ba tsayi ba wata ƙira ta a zo a gani. To waye ubansa, wacece uwarsa, kuma me yaci a gasa da har yau ba'a daina kiran sunansa ba? Sannan babbar tambayata, wannan basira ta karantar saniya a jini take ko kuwa horo ne kawai? Don ni a sanina doki abin da ka koya masa shi yake yi. Wanda ya sani don Allah ya warware min, Allah ya bada lada.

Ɗan_Barga:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Bari in fara da yadda wasan yake don sai ka gane shi sannan zaka gane girman abin da dokin yayi.

Asalinsa aiki ne ba wasa ba. A manyan gandayen kiwo na Teksas da kewaye shanun mutane daban daban suna haɗuwa a fili ɗaya, in lokacin yin shaida ko magani ko sayarwa yazo dole a shiga a ware na kowa, kuma dokin da ya iya wannan aikin shine dokin da makiyayi yafi ji dashi. A 1898 aka yi gasar da ake lissafawa a matsayin ta farko a garin Haskell na Teksas, sai a 1946 masu abin suka kafa ƙungiyarsu NCHA a Fort Worth suka tsara dokoki.

Minti biyu da rabi ake baka, shikenan. Kana da mataimaka huɗu akan dawakai, biyu suna riƙe garke a bayanka, biyu suna gaba suna koro saniyar in ta nemi tserewa can nesa. Zaka shiga a hankali kar ka tarwatsa garken, kuma dole ko sau ɗaya ka zaƙulo saniya daga can ciki ba wai ta gefe kawai ba. Da zarar ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar fili sai ka sauke hannu, daga nan in ka ja linzami don ka gyara dokin alƙali zai cire maka maki, in saniya ta kufce ta koma garke kuwa maki 5 ne suka tafi, wanda a babbar gasa kamar ka tattara kayanka ne. Alƙali daga 70 yake farawa, yana hawa ko sauka tsakanin 60 da 80. A manyan gasanni alƙalai biyar ne, a jefar da na sama da na ƙasa a haɗa uku na tsakiya, shi yasa zaka ji ana cewa wane ya samu 220 da wani abu. Yawanci saniya biyu ko uku mutum ke samun yi kafin lokaci ya ƙare.

To shi Smart Little Lena an haife shi a 1979, wani mutum Hanes Chatham ne ya haɗa iyayensa. Gaskiya ne ƙarami ne, tsayinsa a kafaɗa wajen inci 55 ne, kusan santimita 140, kuma tun yana duƙushi ba wanda ya kalle shi da idon arziki saboda ƙanƙantarsa. Bill Freeman ne ya hore shi kuma shine ya hau shi a gasa.

Gasa uku ce manya ga ƙananan dawakai. Ta farko Futurity, ta 'yan shekara uku ce waɗanda basu taɓa shiga wata gasa ba, an fara ta a 1962 kuma yanzu a Fort Worth ake yinta ƙarshen shekara. Sai Super Stakes da Derby in dokin ya shiga shekara huɗu. Wannan ɗan dokin yaci Futurity a 1982, ya dawo 1983 yaci Super Stakes yaci Derby, ya zama doki na farko da ya haɗa ukun. Bayansa Docs Okie Quixote yayi haka a zagayen da ya biyo, daga nan sai da aka yi kusan shekara ashirin kafin wata goɗiya Chiquita Pistol ta maimaita a 2002 zuwa 2003. Ka ga kenan ba abu ne da ake tsinta a hanya ba, don saniya ɗaya mai taurin kai ta isa ta rusa maka aikin shekara biyu.

Abin da yafi bani mamaki a tarihinsa, gasa takwas kacal ya shiga a rayuwarsa, ya kwashi dala 743,275, kuɗin farkon shekarun 1980 fa. Daga nan aka ajiye shi don barbara, 'ya'yansa kuma suka ci sama da dala miliyan 30 a gasa. Ya mutu a watan Agusta 2010 yana da shekara 31.

Cat ɗin da kake ji ma daga gidansa ne. High Brow Cat da aka haifa a 1988, uwarsa Smart Little Kitty 'yar Smart Little Lena ce, kenan jikansa ne ta wajen mace, kuma shine yazo ya zarce kowa wajen yawan kuɗin da 'ya'ya suka ci. Ɗansa Metallic Cat yaci Futurity a 2008. Maganar iyaye da kakanni kuwa na bar wa Baba Shamaki, ya fini riƙe su.

Baba_Shamaki:

Madalla Ɗan Barga, ka share hanya. Mai Kilisa yarona, zauna ka ji, domin a nan ne labarin yake da daɗi kuma yake da ban tausayi.

Uban Smart Little Lena shi ne Doc O'Lena, haihuwar 1967. Uwarsa Smart Peppy, 'yar Peppy San, wanda shi ma zakaran duniya ne na NCHA a 1967. Shi kuma Doc O'Lena ubansa Doc Bar, uwarsa Poco Lena. Waɗannan biyun na ƙarshe su nake so ka riƙe.

Doc Bar an haife shi a 1956 a Arizona, kuma don sukuwa aka haife shi. Ubansa Lightning Bar, kakansa Three Bars wanda ma ba Quarter Horse ba ne, wato irin dawakan aikin shanu na Amurka, Thoroughbred ne na tsere. Aka kai Doc Bar fagen sukuwa sau huɗu, abin da ya samo duka dala 95 ne. Da sukuwa ta ƙi sai aka mayar da shi gasar kyan ƙira, wadda ake jan doki da ragama alƙali yana duba tsayuwarsa da ƙirarsa, a hannun wani mai horo Charley Araujo a Kalifoniya, a nan kam ya yi suna don kyakkyawan doki ne, ɗan kai ƙarami, jiki a murɗe. A farkon shekarun 1960 wani Dakta Stephen Jensen da matarsa suka saye shi dala 30,000 suka kai shi gandunsu na Paicines. Ka lura da kyau, wannan dokin da ake kira uban dawakan ware shanu na zamani bai taɓa shiga gasar ware saniya ba ko sau ɗaya.

Ita kuwa Poco Lena, haihuwar 1949 a gidan Waggoner na Teksas, 'yar Poco Bueno ce, jikar King P-234, gidan da aikin shanu ya ratsa su tun kaka da kakanni. Ta shafe shekaru fiye da goma ana yawo da ita gari gari, ta yi shekaru a hannun Don Dodge daga baya B.A. Skipper ya saye ta. Sau uku a jere, 1959 da 1960 da 1961, ita ce zakarar goɗiyoyi ta duniya, ta tara dala dubu 99 da ɗoriya a zamanin da kuɗin gasa ba su taka kara sun karya ba, kuma ba da ƙananan dawakai take karawa ba, da manyan ingarmu take yi.

A 1962 Skipper ya rasu a haɗarin jirgin sama. A cikin ruɗanin rasuwar aka bar goɗiyar nan cikin tirela kwana da kwanaki ba ci ba sha yadda ya kamata, ga shi dama tana fama da ciwon kofato, irin wanda naman cikin kofaton ke kumbura doki ya kasa taka ƙasa. Duk wanda ya taɓa jinyar doki mai wannan ciwon ya san yadda yake tsayuwa, ƙafafun gaba a miƙe, nauyi duk ya koma baya, yana nishi, in ka ɗaga masa ƙafa ɗaya sai ya nemi faɗuwa. Haka aka same ta, ta sha da ƙyar, gasa kuma ta ƙare mata har abada. Su Jensen ne suka karɓe ta suka yi ta jinya, shekaru suka wuce ba ta ɗauki ciki ba, sai tana da shekara 18 ta haifi ɗanta na fari Doc O'Lena, shekarar da ta biyo ta haifi Dry Doc, duka da Doc Bar. A ƙarshen 1968 ciwon ya ci ƙarfinta aka hutar da ita.

'Ya'ya biyu tak ta bari a duniya. Doc O'Lena ya ci Futurity a 1970 a hannun Shorty Freeman, mahaifin Bill Freeman ɗin nan da Ɗan Barga ya ambata, kuma ya zo na ɗaya a duka zagaye huɗu na gasar. Dry Doc ya ci ta 1971 a hannun Buster Welch. Biyu ta haifa, biyun duka suka ɗauki kofi mafi girma a jere. A 1978 aka yi wa Doc O'Lena kuɗi dala miliyan 2.1 aka raba shi hannun jari tsakanin masu kiwo.

Shi ya sa ni raina ba ya so in ji ana ta Doc Bar, Doc Bar, kamar shi kaɗai ya yi aikin. Ban raina shi ba, ya haifi zakaru da wasu goɗiyoyin ma, kuma shi ya kawo zafin nama da saurin juyi da wannan salon kwanciya a gaban saniya. Amma sanin saniya, wato doki ya gane inda za ta nufa tun kafin ta ɗaga ƙafa, da zuciyar tsayawa a gabanta, wannan a ganina daga gidan King ya fito ta hannun goɗiyoyi. Duba ma ta wajen uwar Smart Little Lena, kakarsa Royal Smart 'yar Royal King ce, shi kuma ɗan King ne. Kenan King ya shigo masa ta sama ya shigo ta ƙasa. Ingarma yana iya haifar ɗari ɗari a yi ta tallata sunansa, goɗiya kuwa a wancan zamanin ɗaya take haifa a shekara in an yi sa'a, shi ya sa sunanta ke ɓacewa a bakin mutane. Su kansu masu ƙungiyar AQHA, mai yi wa dawakan Quarter Horse rajista, sun san da haka, a 1991 suka sa Poco Lena a jerin dawakan da suke karramawa, tun kafin su sa Doc Bar a 1993.

Amsar tambayarka a wurina, jini ne farko. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai ka tambayi wace barewar, kar ka tsaya kan uba kawai.

Mai_Kilisa:

Allah ya ƙara girma Baba, wallahi labarin goɗiyar nan ya taɓa min zuciya, dabbar da ta yi wa mutane wannan hidimar ace a manta da ita a tirela. Amma Baba ga wani abu da ya ɗaure min kai, in King ya shigo ta sama ya shigo ta ƙasa, sannan yanzu kowa Cat yake nema wanda shima jikan gidan ne, ashe ba auren gida ake ta yi ba kenan? Ba ya kawo musu matsala? Sannan naji ance har kwafinsa aka yi a ɗakin gwaji, da gaske ne?

Likitar_Dabbobi:

Malam Mai Kilisa ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Eh yana kawowa, kuma ba ƙarama ba.

Akwai ciwon fata na gado da ake kira HERDA wanda kusan duk dokin da aka samu dashi in aka bi salsalarsa sai an dangana da Poco Bueno, mahaifin Poco Lena ɗin da Baba ya bada labarinta. Yadda yake tafiya daidai yake da sikila a wajenmu. Dokin da ya gaji ƙwayar daga gefe ɗaya lafiyarsa lau kamar mai AS, zai yi gasa ya ci kofi ba abin da zaka gani a jikinsa. Amma in ka haɗa ingarma mai ɗauke da ita da goɗiya mai ɗauke da ita, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu duƙushin ya gaji biyun, shine mai ciwon.

Abin tausayin shine ba'a cika ganewa da wuri ba. Duƙushi zai taso kyakkyawa har wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ranar da aka fara ɗora masa sirdi sai bayansa ya kumbura, fatar ta saki, in ka kama ta da yatsu ka ja sai ta miƙo ta ƙi komawa da wuri, wani wurin ta tsage ta zama gyambo mai wuyar warkewa, in ya warke ya bar tabo sannan ya sake buɗewa. Abin da ke riƙe fata da naman ƙarƙashinta ne bai ginu daidai ba. Babu magani, ba'a iya hawansa, da yawa daga ƙarshe hutar dasu ake yi. Ka tuna an biya kuɗin barbara masu yawa, an jira wata goma sha ɗaya na ciki, an yi renon shekara biyu.

A 2007 aka samu gwajin jini ko gashi da ke nuna mai ɗauke da ƙwayar, gashin wutsiya ko na geza ake tsigowa da saiwarsa a aika. Da aka duba manyan dawakan ware shanu sai aka tarar sama da ɗaya cikin huɗu suna ɗauke da ita, adadin da ya ninka na sauran Quarter Horse nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shine abin da ka faɗa, kowa gida ɗaya yake rububi saboda can kofi yake. A 2015 AQHA ta wajabta gwajin cututtukan gado guda biyar ga ingarmun barbara, HERDA na ciki. Ni bana cewa a daina amfani da mai ɗauke da ita kwata kwata, don in akai haka an zubar da jini mai kyau da yawa, abin da nake cewa kar a haɗa biyu, kuma mai ingarma ya faɗi gaskiyar sakamakon gwajinsa. Wanda ya sani ya haɗa don kwaɗayin kofi wallahi ya zalunci dabbar.

Wani abin da ya ƙara matse jinin shine fasahar zamani. Yanzu ana daskarar da maniyyin ingarma a aika ko'ina har bayan ya mutu, ana kuma cire ɗan tayi daga goɗiya zakara a dasa wa wata ta rena cikin, ita kuma ta cigaba da gasa. Da Poco Lena a yau take da ba biyu zata bari ba. Yana da amfani amma yana sa 'yan gidaje kaɗan su mamaye ko'ina.

Batun kwafi kuma gaskiya ne. A 2006 a jami'ar Texas A&M aka haifi duƙusai biyar da aka yi daga ƙwayoyin jikin Smart Little Lena, jininsu nashi ne sak. Babu ko ɗaya a cikinsu da yayi abin da yayi a fili. AQHA ma bata yi wa irinsu rajista, har kotu aka je kuma a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta bata gaskiya, ita NCHA ce ke barinsu su shiga gasa. 'Yan polo na cikinmu zasu ce ai a Ajantina kwafin goɗiyar nan Cuartetera sunyi wasa sosai a hannun Adolfo Cambiaso, haka ne, amma can mutum ɗaya da tsarin horo ɗaya ne suka rene su tun daga farko don wannan aikin.

Bawan_Allah_Makiyayi:

Sannunku da ƙoƙari, na ƙaru sosai. Baba Shamaki a gafarce ni, ban isa in ja da kai ba akan asalin dawakai amma ina da ɗan abin cewa ta ɓangaren shanu don a cikinsu na tashi.

Maganar Dakta ta ƙarshe ita ce tawa. Ga doki biyar jini ɗaya da zakara, ba'a samu zakara ba. Kuma ku duba sunayen da kuka lissafo da bakinku, uba Shorty Freeman ya ci da Doc O'Lena, ɗa Bill Freeman ya ci da ɗan Doc O'Lena, ashe gadon ba'a wajen doki kaɗai yake ba, har da na kan dokin. Buster Welch sau biyar yana cin Futurity, 1962 da 1963 da 1966 da 1971 da 1977, da dawakai biyar daban daban kuma ba duka gida ɗaya suka fito ba, na ƙarshen Peppy San Badger ne na gandun King Ranch wanda ba jinin Doc Bar bane. Mutum ɗaya ya ci da doki biyar, to a nan me za'a ce?

Abin da mai kallo a waya baya gani shine rabin gasar an gama ta tun kafin a saki linzami. Mahayin kirki yana zaune tun ana kwantar da garken yana karantar shanun ɗaya bayan ɗaya, wacce ta ɗaga kai tana zare ido ya san zata yi hauka ta bangaje doki, wacce ta sunkuyar da kai bata damu da komai ba ya san ba zata motsa ba balle doki ya nuna kansa, wacce aka riga aka wahalar a hannun wani ya san ta gane wasan bata tsoron doki kuma. Wadda ake so ita ce mai kallon doki tana girmama shi amma tana da ƙwarin neman hanya. Wannan duk wanda yayi kiwo ya san shi, saniya tana da iyakar da in ka tsallaka zata gudu, in ka tsaya daidai kafaɗarta zata tsaya, in ka wuce gabanta kaɗan zata juya. Mu da ƙafa da sanda da murya muke yi, shanunmu sun san mu sun san sunansu shi yasa bamu buƙatar doki, su kuwa nasu sakakku ne a fili mai faɗi basu saba da mutum a ƙasa ba.

Horon ma ba na wata ɗaya bane. Tun yana shekara biyu ake fara shi, kusan shekara biyu ana abu ɗaya kafin Futurity, a koya masa tsayawa akan ƙafafun baya, ya ja jiki baya kaɗan sannan ya juya tare da saniya ba ya zagaya ba, wani lokaci da tuta mai tafiya akan igiya ake fara masa kafin a kawo shanu, kuma dole ana canza shanun don in suka saba basa bada abin da ake so, wannan kaɗai kuɗi ne mai yawa. Mai gaggawa sai ya ƙona dokin, ko gwiwoyin baya su lalace tun bai kai ko'ina ba ko kuma ya tsani aikin.

Na yarda da Baba cewa in babu abin a jini ba zaka dasa shi ba, akwai duƙushin da tun yana bin uwarsa zaka ga yana tare maraƙi da kansa ba wanda ya sa shi, akwai wanda ko shekara goma kayi dashi saniya bata dame shi ba. Amma ɗan ƙaramin doki irin Smart Little Lena da ya faɗa hannun wanda ke auna doki da tsayi, da dandaƙe shi za'a yi a sayar, da babu High Brow Cat babu Metallic Cat.

Mai Kilisa in ka koma kallo ka nemi bidiyon da aka ɗauka tun daga shigar mahayi garke ba wanda aka yanko tsakiya ba. Ka kalli yadda yake ratsa shanun a hankali yana barin wasu su zame ta gefensa har ta rage wadda yake so, sannan in aiki ya fara ka daina kallon kan dokin, ƙafafun baya zaka kalla, ko suna nutsewa cikin yashi lokaci ɗaya da saniya ta tsaya ko kuwa yana makara.